Ukulelen da ya ƙi magana

A bangon shagona, daidai saman teburin aiki, akwai wani ƙaramin ukulele, abin kiɗa mai tsirkiya huɗu mai kama da ƙaramar jita, rataye a ƙusa. Duk wanda ya shigo sai ya yaba kyansa, ni kuma sai in ce masa ya sauke ya kaɗa. Da ya kaɗa sai ka ga ya yi shiru yana neman abin da zai ce don kada in ji haushi. Sautin kamar na mutumin da ke magana da bargo a baki. Yana fita, amma ba ya zuwa ko'ina, kuma kafin ka ɗage yatsa ya mutu. Shi ne ukulelen farko da na ƙera. Kafinsa na riga na gama jita uku, biyu daga ciki ma ba laifi, shi ya sa na shiga aikin ina hura hanci, ina ganin wanda ya iya babba ai ƙarami ba zai gagare shi ba. Na ɗauko duk abin da na sani na jita, na rage tsawo, na rage faɗi. Abu ɗaya ne ban rage ba, kauri.

Fuskarsa, wato allon gaba da tsirkiyoyi ke zaune a kai, na bar ta a milimita 2.5. A ciki na manna mata 'yan sandunan ƙarfafawa har biyar. Ni azara nake ce musu, don aikinsu ɗaya da na azarar rufin ɗaki. Na kuma ɗora masa jaki, katakon nan da ake ɗaure tsirkiya a jikinsa, mai nauyi kamar na jita. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙarfin da zai motsa wannan kaya duka. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan fuskar jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70. Na nailan a jitar gargajiyar Sifen suna jan kusan kilo 40. Guda huɗun da ke kan ƙaramin ukulele, wanda ake kira sofrano, ba sa kai kilo 15. Na gina katangar da za ta tare ambaliya, na kuma sa ran ɗigon ruwa ya girgiza ta.

Daga baya na ɗan sami sanyi da na ji ba ni kaɗai na taɓa faɗawa ramin nan ba. Kamfanin Martin na Amurka, wanda tun 1833 yake ƙera jita, ya gwada yin ukulele a 1907, ya gina su da nauyi irin na jita, ba su karɓu ba. Sai wajen 1916, bayan baje kolin San Faransisko na 1915 ya sa Amurkawa sun haukace da kiɗan Hawai, suka dawo da shi da mahogani, siriri, mara nauyi, sannan kasuwa ta buɗe. Asalin abin ma ba ɗan jita ba ne. Mutanen tsibirin Madeira na Fotugal ne suka isa Honolulu a jirgin ruwa mai suna Ravenscrag a watan Agusta 1879 da wani ƙaramin abin kiɗa nasu mai tsirkiya huɗu. Kafintoci uku a cikinsu, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, su ne suka soma ƙera shi da wani itace mai suna kowa (koa) da suka tarar a tsibirin. Danginsa ɗaya da jita, amma gidansa daban.

To, tun daga lokacin na daina tambayar "milimita nawa?" a matsayin tambayar farko. Ga dalili. Taurin allo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa. In ka ninka kauri sau biyu, tauri ninkawa yake sau takwas. In ka rage kashi 10 cikin 100 na kauri, wato daga milimita 2.0 zuwa 1.8, ka zubar da kusan kashi 27 na tauri. Fuskar nan tawa mai 2.5, in aka gwada ta da mai 1.7 da ya kamata in yi, ta fi ta tauri fiye da ninki uku. Wannan lissafi yana da kaifi biyu. Shi ne ya sa ɗan ƙarin kauri ke shaƙe murya, shi ne kuma ya sa fera biyu ko uku na ganganci a ƙarshen aiki ke mai da fuska mai kyau ta zama laƙwas, ta lotsa a gaban jaki bayan shekara ɗaya. Kuma alluna biyu da aka tsago daga gungume ɗaya ba lallai su zo da tauri ɗaya ba, balle na bishiyoyi daban. Lambar da ka gani a zanen wani, ta allonsa ce.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya. Ina ɗora allon a kan sanduna biyu zagayayyu, tazararsu kullum iri ɗaya, in sa nauyin kilo ɗaya a tsakiya, in auna yawan lotsawarsa. In fere kaɗan, in sake aunawa. Ina tsayawa idan lotsawar ta kai lambar da ke cikin littafina ta kayan da suka yi daɗi a baya, ko da kaurin bai yi daidai da na wancan ba. Littafin nan, wani tsohon littafin rubutu ne da gam ya ɓata wa bango, ya fi kowane ƙarfe a shagon daraja a wurina. Kowane aiki yana da shafinsa: irin itace, nauyin allo, kauri a wuri biyar, lotsawa, danshin iska a ranar da na manna azara, nauyin jaki, sannan abin da kunnena ya ji bayan wata ɗaya da bayan shekara. Ba don shi ba, da in aiki ya yi kyau ban san me ya sa ba, in ya lalace ma haka.

Ina ƙwanƙwasa allo in saurara, kamar kowa. Ana riƙe shi da yatsa biyu a wajen kashi 22 cikin 100 na tsawonsa daga sama, don nan ne ba ya motsi idan yana kaɗawa, a sa shi kusa da kunne, a buga tsakiya da gaɓar yatsa. Allo mai kauri yana cewa "tak" ya yi shiru. Yayin da kake ragewa sai ya soma amsawa, sautin ya yi ƙasa, ya daɗe. In ka wuce gona da iri sai ya koma kamar kwali. Amma gaskiya ban yarda da kunne shi kaɗai ba. Kunne yana gajiya, kuma yana son ya faranta wa mai shi. Ranar da ka ƙosa ka gama, duk allo daɗi yake yi.

Me ya sa nake ɓata yawancin lokacina a kan fuska? Antonio de Torres, mutumin Almeriya a Sifen da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, wanda siffar jitar nailan ta yau daga hannunsa ta fito, ya amsa wannan da aiki. A 1862 ya ƙera jita da fuskar itace mai kyau, baya da gefe kuwa ya yi su da kwali. Jitar tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Barselona. Ba wai baya da gefe ba su da tasiri ba ne, suna da shi, amma in kana da awa goma, bakwai na fuska ne. Masu fara koyo sukan juya abin. Su kashe ƙarfinsu wajen neman itacen baya mai zane, su manna fuska da azara a gurguje. Itacen ado ma yanzu yana zuwa da takardu: tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin itacen rozwud na Barazil tsakanin ƙasashe, a 2017 kuma aka sa sauran danginsa a ƙarƙashin izini. Mahogani, har da danginsa na Afirka irin su maɗaci, ya ishi mai koyo ya yi kaya goma bai ƙure shi ba.

Sai danshi, wanda shi ne ya fi cinye mini aiki a shekarun farko. Itace ba ya mutuwa don an sare shi. Yana shan ruwa daga iska, yana mayarwa. Idan ya sha sai ya buɗe ta faɗi, idan ya bushe ya tsuke, amma ta tsawo kusan ba ya motsi. Yanzu dubi abin da muke yi: muna ɗaukar siririn allo, mu manna masa azara a gicciye, wadda ita tsawonta ba ya canzawa. Mun ɗaure shi ke nan a faɗin da yake da shi a ranar. In ranar iska a jiƙe take, allon a buɗe yake, to duk ranar da iska ta bushe zai so ya tsuke, azara ta hana shi, sai ya tsage. Fuskar jita mai faɗin santimita 37 tana iya motsawa da kusan milimita 2 tsakanin damina da rani. Milimita 2 a wurin da babu sararin ko rabin ɗaya.

Jitata ta biyu haka ta yi. Na rufe akwatinta a mako mai ruwa, bayan wata huɗu ina zaune da dare na ji "ƙas" daga inda take jingine. Tsaga ce daga jaki har gindi. Tun daga nan ba na manna azara ko rufe akwati sai ma'aunin danshi ya nuna tsakanin 40 da 45 cikin 100, kuma sai katakon ya kwana biyu ko uku a cikin wannan iskar. A irin wannan yanayi ruwan da ke cikin itace yana wajen kashi 8. Gara ka haɗa a bushe fiye da a jiƙe. Abin da aka haɗa a bushe in ya sha danshi kumbura kawai yake, muryarsa ta ɗan dushe, ya dawo daidai daga baya. Wanda aka haɗa a jiƙe in ya bushe, sai gyara. In ba za ka iya sarrafa iskar ɗaki duka ba, ka yi kabad mai rufi da ƙwan fitila mai ɗumi a ƙasa, ka ajiye katakon a ciki, ka fito da shi lokacin mannawa kawai, ka mayar. Ma'aunin kansa ma kada ka yarda da shi ido rufe, da yawansu maƙaryata ne. Zuba gishiri a murfin kwalba, ka jiƙa shi ya yi damshi ba tare da ya narke ba, ka rufe shi tare da ma'aunin a leda ko kwalba ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san bakwai za ka riƙa ƙarawa.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ake yi wa fuska da baya ɗan doro maimakon a bar su a shimfiɗe. Ana manna azara a cikin wani faranti na katako mai ɗan zurfi, a tokare su da sanduna masu lanƙwasa daga wani rufi a sama. Doron yana ba itace wurin numfashi: in ya tsuke sai doron ya sauka kaɗan maimakon ya fashe.

Haɗa alluna biyun fuska kuwa, a nan ne ake sanin ko ƙarfenka yana da kaifi. Ana tsaga allo ɗaya biyu a buɗe kamar littafi, a haɗa bakinsu a tsakiya. Ina kwantar da su tare, in kwantar da filen, ƙarfen fere katako, a gefensa, in fere bakin. Sannan in haɗa su in ɗaga a gaban taga. In haske ya ratsa ko da kamar silin gashi ne, a koma. Kada ka ce matsewa za ta rufe, don abin da aka rufe da ƙarfi da ƙarfi zai buɗe. Kuma ban yarda da samfefa a wannan wurin ba. Bakin da filen ya yanka sumul yake, gam yana kama shi da kyau. Wanda aka goge da samfefa gefensa yana zagayewa, ƙura ta cika ramukansa. Wajen matsewa ba na amfani da komai sai tef na takarda: in tada allunan kamar tanti, in ja tef a gicciye a baya, in sa gam, in danna su su kwanta, tef ɗin ya ja su da kansa.

Gam iri biyu nake amfani da su. Titebond na asali, mai jan murfi, don yawancin aiki, saboda yana ba ka 'yan mintuna ka daidaita abu. Sai gam ɗin fata, wanda ake jiƙa ƙwayoyinsa a ruwa a narka a wajen digiri 60 na Salsiyos, don azara da jaki. Kada ya tafasa, tafasa tana kashe ƙarfinsa. Yana bushewa ƙamas kamar gilashi, ba ya saki a hankali a ƙarƙashin jan tsirkiya, kuma mai gyara bayan shekara hamsin zai iya buɗe shi da ɗumi da ruwa ya sake mannawa. Aibinsa gajen haƙuri. Cikin minti ɗaya ya soma daskarewa, in kuwa ya daskare kafin ka matse, aikin banza ka yi. Don haka nakan ɗumama katakon tukuna, in jera duk abin matsewa a inda hannu zai kai, in gwada haɗawar sau biyu ba gam. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Azara ba na yanka ta da zarto daga farko, tsaga ta nake yi. In ka sa kurfi a kan guntun itacen sifurus ka buga, tsagar tana bin jijiyar itacen, sai ka fere daga wannan fuskar. Zarto ba ruwansa da jijiya, yana ratsa ta a karkace, ya ba ka sanda mai kyan gani wadda za ta karye a rabin ƙarfinta. A allon fuska ma ana gane wannan aibin: in ka ga rabi ɗaya ya fi ɗaya haske, ka juya allon sama ya koma ƙasa sai hasken ya koma ɗaya rabin, jijiyar a karkace take. Lissafin nan na ninki takwas yana aiki a azara: doguwa siririya ta fi gajeriya mai faɗi ƙarfi a nauyi ɗaya. Shi ya sa wajen sassaƙa nake fara cin gefe, in mai da ita kamar dala, kafin in taɓa tsayinta. Torres ya saba jera guda bakwai kamar yatsun mafici a ƙasan ramin fuska. Martin ya shahara da biyu da suka gitta juna, waɗanda ke ɗaukar jan ƙarfe. Sofrano kuwa, biyu a gicciye sama da ƙasan rami da ɗan siririn faci a ƙarƙashin jaki sun ishe shi. Ni kuwa har biyar na sa.

An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan sana'ar dai busasshe muke tanƙwarawa, da zafi. Ana fere gefen ya koma wajen milimita 2 a jita, ƙasa da haka a ukulele, a ɗan fesa masa ruwa, a riƙa goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafin digiri 150 ko sama kaɗan. In ka ɗiga ruwa a bututun ya tsaya yana tafasa, bai yi ba. In ɗigon ya yi tsalle yana rawa, ya yi. Zafin yana tausasa abin da ya riƙe zaren itacen, sai ka ji a hannunka ya saki, kamar mutumin da ya gama gardama. Wannan lokacin kake lanƙwasawa. Kafinsa in ka matsa, karyewa zai yi. Daga ƙugu nake farawa, don nan ne lanƙwasar ta fi tsanani. Rozwud yana bi cikin sauƙi. Mahogani yana da taurin kai, yakan yi ƙwanƙwasa a cikin lanƙwasa. Itacen kowa mai zanen igiyar ruwa shi ne mafi hatsari: ruwa kaɗan, da siririn ƙarfe a bayansa yana tallafe shi, in ba haka ba zanen ya ɓare. Kuma don Allah ka sa alama da alli a kowane gefe, wane ne waje, wane ne sama, kafin ka kunna wuta. Ina da gefen hagu guda biyu na wani kyakkyawan itace a saman kabad, sun shekara shida suna jiran na dama.

Lissafin firet, ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, ba ya son "kusan". Ka raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan firet na farko. Ka cire shi, ka sake raba saura da 17.817, haka har ƙarshe. A jita mai milimita 650, na farko 36.48, na biyu ƙarin 34.43, na 12 kuma dole ya faɗo a 325, rabi cif. A ukulele tena, wanda ya fi sofrano girma, mai 432, na farko 24.25, na 12 a 216. Magabata da 18 suke rabawa, wanda a tsirkiyar 650 yake kawo na 12 baya da fiye da milimita 2. Abin da ya fi muhimmanci: kowane firet ka auna shi daga mafarin wuya, kada ka auna daga na kusa da shi. In kana aunawa ɗaya daga ɗaya, kuskuren kaurin fensir yana taruwa, kafin ka kai na goma ya zama abin da kunne ke ji. Da wuƙa nake sa alama. Zarton kuma ya dace da ƙafar ƙarfen, galibi wajen milimita 0.6. In tsagar ta matse, ƙarafan za su tura wuyan ya lanƙwashe baya. In ta yi faɗi, su riƙa ɗagowa.

Jaki ba a ajiye shi daidai kan lissafi. Idan ka danna tsirkiya tana ƙara miƙewa, sautin ya ɗan hau, don haka ake ja da ƙashin jaki, wato siririn ƙashin da tsirkiya ke hawa a kansa, baya kaɗan, wajen milimita 2 a jitar nailan. A ukulele abin ya fi ciwo, domin milimita ɗaya a tsirkiyar da ba ta wuce santimita 35 ba kusan ninki biyu yake na milimita ɗaya a jita. Ƙaramin kaya ya fi babba rashin yafiya, akasin abin da na ɗauka da farko. Gwajin shi ne ka taɓa tsirkiya a hankali a saman firet na 12 ka kaɗa, sannan ka danna ta ka kaɗa. In dannanniyar ta fi tsini, ƙashin yana son ja baya. Haka in tsirkiya ta yi tsayi a firet na 12 kana so ka sauke ta da milimita ɗaya, biyu za ka rage a ƙashin jaki, tunda na 12 a tsakiya yake. A jitar nailan ina neman milimita 4 a kaurarar tsirkiya, 3 a siririya. A ukulele wajen 2.5. Kafin duk wannan, tun wuya bai manne ba, ka ɗora doguwar rula a kansa ka ga inda za ta sauka a wurin jaki. In kusurwar wuya ta kuskure, babu fere ƙashin da zai cece ka.

Shafe kuwa ba ni da dogon zance. Shelak nake amfani da shi, ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, a narka wajen giram 12 a mililita 100 na sifirit, a shafa da dunƙulen ulu a cikin farin ƙyalle, da ɗigon man zaitun don kada ya kama. Hannu ba ya tsayawa a kan itace, in ya tsaya ya bar tabo. Yana cin makonni, ba ya jure gumi da zafi kamar fentin masana'anta, amma siriri ne, kuma bayan duk wahalar da na sha wajen rage wa fuska nauyi ba zan dawo in lulluɓe ta da roba ba. Wurin jaki a kankare shi tas har itace, gam ba ya kama shelak. Ka kuma sa takunkumi in kana goge rozwud da danginsa, ƙurarsu tana sa wasu ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, kuma abin ƙaruwa yake da yawan shaƙa.

Watannin baya na sauke bebena daga ƙusa da niyyar in gyara shi. Na leƙa ciki da ɗan madubi da tocila, na ga azarorin nan jere kamar za su ɗauki bene, ga gam ya tsiyayo ya bushe a gefensu. Ramin sofrano bai kai hannuna ya shiga ba, sai na ɗaure guntun reza a sanda na soma kankarar ta tsakiya. Na yi kusan awa ɗaya, na zazzage abin da ya fito a tafin hannu, bai cika cokalin shayi ba. Na ɗaura tsirkiya na kaɗa. Ya ɗan buɗe, kamar an janye bargon daga baki zuwa haɓa. Hanyar gaskiya ita ce in ɗumama jakin in cire, in kankare shelak, in rage fuskar daga waje zuwa 1.8, in yi sabon jaki mai rabin nauyin wancan. Na rubuta hakan a shafinsa na littafi, wanda sai yanzu ya sami shafi, don lokacin da na ƙera shi ba ni da littafin. Na mayar da shi ƙusa. A kan tebur akwai fuskar tena ta mahogani da ke jiran azara, ma'auni kuma tun safe yana kan 58, don haka yau wasa kurfi kawai zan yi.